Mai Gugan da Bai Taɓa Shiga Ruwa Ba

Ranar Talata da hantsi ina cikin layi a bakin wani buro, ofishin gwamnati, a nan Damagaram, riƙe da dosiyena, takarduna na neman aiki, sai matar da ke gabana ta juyo da salularta ta ce in kalli ikon Allah. Bidiyo ne na wani farin jirgin ruwa mai hawa goma sha wani abu, ya karkace gefe guda kamar rumbun da gara ta cinye wa ƙafa, ƙananan jirage masu launin ruwan lemo sun kewaye shi. Na kalla kamar yadda ake kallon abin da ya sami wasu mutane a wata duniya. Sai mai ɗaukar hoton ya ɗan matsa, bututun hayaƙin jirgin ya fito, rawaya ne da layi biyu shuɗaye. Na san wannan bututun. Kusan shekara biyar ke nan yana cikin hoton da ke manne a bangon ɗakin kawuna.

Ban san lokacin da na bar layin ba. Na tsinci kaina a kan bencin mai shayi, ina ta danna lambar kawuna ba ta shiga. Na rubuta masa saƙo, alama ɗaya ta fito a gefensa, irin wadda ke nuna saƙo ya bar hannunka amma bai sauka ba. Ba karkacewar jirgin ce ta fi tsorata ni ba. Akwai abin da na sani game da Kawu Ɗanƙarami wanda kamfanin jirgin bai sani ba, matarsa ma ba ta sani ba, kuma da hannuna a ciki.

Sunansa na yanka Suma'ila, amma ko a takardar makarantar allo ba na jin an taɓa kiran sa da shi. Ƙanen mahaifiyata ne, autan kakata Iya Hajara, an haife shi a ƙauyen Droum. Yana da wa mai suna Zakari, ɗan farin Iya, wanda har yau ba ta faɗin sunansa. Wata damina, Zakari yana da shekara goma sha ɗaya, shi kuma shida, suka je tafkin da ake haƙar ƙasar gini a bayan gari. Zakari ya tuɓe rigarsa ya ba ƙanen ya riƙe, ya shiga. Ramin da masu tubali suka haƙa da rani yana nan ƙarƙashin ruwan, ba a ganin sa. Sai bayan azahar aka same shi. Mamata ta ce har aka dawo daga maƙabarta Ɗanƙarami na riƙe da rigar, an yi an yi ya ƙi saki.

Washegari Iya ta zaunar da shi a gabanta, ta kama hannunsa ta ɗora a kanta, ta ce muddin tana numfashi ba ta yarda ya shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Ya ce ya ɗauka. Da ya kai shekara goma sha shida zai taho birni neman sana'a, ta sake sa shi ya maimaita a gaban kawunnansa. Mutanenmu ba sa wasa da irin wannan maganar. Wanda ya ɗora ta shi kaɗai ke iya sauke ta, kuma da bakinsa.

Abin da mutane suka daɗe suna tsokanarsa da shi, sana'ar da ta karɓe shi ta ruwa ce. Wanki da guga ya koya wajen wani tsoho a Sabon Gari, daga baya ya kafa rumfarsa a unguwarmu ta Kara-Kara. Duk wanda ya zauna garin nan ya san abin da ake nufi da wanki a watan Afrilu, lokacin da famfo zai yi kwana biyar bai ɗiga ba. Kawu yana da bahon roba uku. Ruwan ɗauraya na yau shi ne na saɓa gobe, na saɓa kuma idan ya gama aiki ba a zubar da shi a titi, gindin dogon yaron da ke yi masa inuwa yake zuwa. Da bido biyu, jarkokin ruwa, yake fitar da kayan gida guda fes. Dutsen gugarsa na gawayi ne, ba ya tofa masa yawu kamar sauran, kusa da kumatunsa yake kai shi ya ji zafin, ya san ko na shadda ne ko na yadi mai laushi. Sau ɗaya dutsen ya taɓa kuɓuce masa, ya tare shi da hannu don kada ya faɗa kan rigar wani liman. Tabon na nan a wuyan hannunsa na hagu, mai siffar bakin dutsen.

Ni kuwa tun ina ajin farko na lakwal shi ke goge mini kayan makaranta duk Lahadi. Yana gugar yana sa ni in karanta masa abin da aka koya mana, ko da ba ya jin rabinsa. Malama yake ce mini tun ban kai tsawon teburinsa ba. Idan na yi kuskure ya gane daga muryata, sai ya ce in koma baya, wai ya ji layin ya yi ƙudundune, a sake bi ta kansa.

Wani mai otal da ke kawo masa kaya ne ya ja shi zuwa Yamai. Shekara shida ya yi a can, kogi na gabansa, bai taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba. Ya ce idan mota za ta hau gada, takalminsa yake kallo har a sauka. Daga nan aka tura shi wani otal a Kwatano, a bakin teku. A nan ne mai kula da ɗakin wanki, da ya ga aikinsa, ya haɗa shi da masu ɗaukar ma'aikata wa manyan jiragen nan da ke yawo da masu hutu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Albashin ya fi na otal nesa. Yana da mata, Hafsatu, da yara uku a ɗaki ɗaya a gidanmu.

Ina shekara ta biyu a jami'a a lokacin, ina karatun Turancin Ingilishi, don haka duk takardun ta hannuna suka bi. Ya ɗauki hotonsu ya turo, in cika in mayar. Maganar alkawari ta taso tun farko, shi da kansa ya warware ta a ransa: jirgi ba shiga ruwa ba ne, zama ne a kansa, ƙafarsa a busasshiyar ƙasa take ko da ta ƙarfe ce. Amma ya san Iya ba za ta ga bambancin ba. Aka taru a gida aka yanke cewa za a ce mata otal ya canza, ya koma wani mafi girma. Kawu ya ce ai ba ƙarya ba ce, otal ne, sai dai ba ya kwana inda ya wuni.

Saura takarda ɗaya. Ba a ɗaukar mutum aikin jirgi sai ya yi horon kwana biyar ya sami shaida. Ana koya kashe wuta, ana koya taimakon wanda ya suma. A rana ta uku kuma ana kai mutane wani babban kwamin ruwa mai zurfi, kowa ya sa rigar ceto, ya hau wani dandamali ya yi tsalle, ya yi iyo zuwa kwalekwalen roba ya hau. Ba sai ka iya iyo sosai ba, rigar ce ke ɗauke ka. Abin da ake so shi ne jikinka ya san haka tun kafin ranar da za a buƙata.

Ya kira ni da yamma ina bakin ɗakin karatu. Ya ce ya yi tunani, zai shiga mota gobe, kwana biyu ya iso Droum, ya durƙusa gaban Iya ya gaya mata gaskiya, ya roƙe ta ta sauke masa maganar. Idan ta sauke ya koma ya yi tsallen, idan ta ƙi ya haƙura da jirgi ya ci gaba da otal ɗinsa.

Na sha faɗa wa kaina cewa don Iya na hana shi. Gaskiya ne watan da ya wuce an kwantar da ita kwana huɗu saboda hawan jini. Amma ba shi ke nan ba. Ina cikin jarrabawa, na san idan ya zo ni za a sa gaba in yi bayani, ba na son wahalar. Na kuma riga na gaya wa ƙawayena kawuna zai yi aiki a jirgin Turawa. Sannan akwai jin daɗin nan na mai ɗan karatu da ya gano hanyar da manya ba su gani ba. Wani ɗan ajinmu da yayansa ke aiki a tashar jiragen ruwa ya taɓa ba ni labarin wani wuri da ke ba da takardar, da hatimi da komai, ba tare da mutum ya jiƙa ko ɗan yatsa ba. Na nemo lambar, na tura masa.

Na ce, "Kawu, takarda kawai suke so su gani. Jirgin nan ya fi unguwarmu girma, me zai same shi? Ka ga alkawarinka bai taɓu ba, Iya ba ta ji ba, aiki ya samu."

Sai ya ce, "To, Malama. Ke ce mai karatu."

Haka ya tafi. Ɗakin wankin jirgin a can ƙasa yake, hawa biyu ƙarƙashin inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi. Ya ce idan ya jingina kunnensa da bango yana jin tekun yana wucewa ta saman kansa, amma gwiwarsa a bushe. Duk Juma'ar da suka tsaya a wata gaɓa sai ya aiko mana da murya, mu taru a tsakar gida mu saurara. Ya ba mu labarin injin da ke haɗiye zanen gado ta nan ya fito da shi a goge a naɗe ta can, ya ce ya tsaya ya gaishe shi da aiki. Ya ba mu labarin tsofaffin Turawa masu yawo da gajeren wando, waɗanda za su aiko da riga ɗaya mai hoton kifi a goge musu, su haɗa da dogon bayani kamar babbar rigar ɗaurin aure. Abin da bai taɓa sabawa da shi ba shi ne ruwa. Ya ce wanda ake zubarwa kafin hantsi zai shayar da Kara-Kara mako guda. Yana bin bayan abokan aikinsa yana rufe famfo, har suka sa masa suna Musye Robine, wato mai famfo.

Kowane mako ana busa ƙaho a yi gwaji. Kowane ma'aikaci yana da wurinsa da aikinsa idan hatsari ya zo. Nasa shi ne ya tsaya a wani matakala ya nuna wa fasinjoji hanya, sannan shi da wasu uku su ɗauki waɗanda ba sa iya tafiya, a kujerunsu, zuwa wurin jiragen ceto. Yana alfahari da wannan aikin fiye da gugar. Ya ce bai taɓa makara ba, rigar cetonsa kuma ta fi ta kowa ɗauruwa daidai. Amma duk gwajin a kan busasshen dandamali ake yin sa. Babu wanda ya taɓa ce masa ya shiga ruwa, tun da takardarsa ta ce ya riga ya shiga.

Bara da ya zo hutu ya same ni ina wanke kwanuka, ya ja kujera ya zauna. Ya ce takardar nan shekara biyar take yi, baɗi za a sabunta, kuma a wannan karon yana so ya yi abin da gaske. Ya ce duk ranar gwaji idan ya tsaya a bakin ƙarfen ya leƙa ƙasa, sai ya ji kamar ya saci wani abu. Ya roƙe ni in raka shi Droum, don ni ce zan iya yi wa Iya bayanin rigar da yadda take ɗaukar mutum. Ina shirin wata gasar shiga aikin gwamnati a lokacin. Na ce ya bari sai hutu na gaba, ai akwai lokaci. Ya je shi kaɗai, ya kwana uku, ya gyara mata danga, ya dawo bai faɗa ba. Gasar ma ban ci ba.

Daga bencin mai shayi na hau kabu-kabu zuwa gida. Na tarar labari ya riga ni. Hafsatu na zaune a bakin ƙofa da salula a cinya, maƙwabta sun fara shigowa. Kamfanin ya buɗe lambar da iyalai za su kira, ni ce mai jin harshensu, ni na kira. Wata mata mai sanyin murya ta ce jirgin ya bugi dutse a ƙarƙashin ruwa kusa da wani tsibiri, da safe, ana iska mai ƙarfi, ruwa ya shiga ɗakin injin, wuta ta ɗauke. An kwashe kusan kowa. Ana kan haɗa sunaye, don jirage dabam-dabam ne suka ɗebi mutane zuwa garuruwa dabam-dabam. Ta nemi sunansa da lambar fasfonsa. Na ji tana dannawa. Ta ce bai fito ba tukuna, amma kada wannan ya sa mu yanke wani hukunci.

Mata suna ba Hafsatu haƙuri suna cewa ai an horar da su, waɗannan mutanen ba sa ɗaukar wanda bai iya ruwa ba. Hafsatu ta ɗago ta dube ni, ta ce ai Raudatu ce ta yi masa takardun, ta sani, ko ba haka ba? Na ce haka ne.

Ranar Laraba da azahar murya ta shigo daga wata lambar da ban sani ba. Inusa ne, mutumin Gaya, abokin aikinsa a ɗakin wanki, wanda Kawu ke yawan ambata. Daga asibiti yake magana, da salular wani. Ya ce da ƙahon ya yi kuka su biyu suka hauro tare, Kawu ya tafi matakalarsa. Ya gan shi sau uku yana wucewa da tsofaffi a kujera, na ƙarshen wata tsohuwa ce da ya goya a baya don kujerar ba ta tafiya a karkataccen bene. Fasinjojin gefensu duk sun shiga jiragen ceto. Da aka zo kan ma'aikata, jirgin ya riga ya kwanta sosai, sauran jiragen ceton sun maƙale ba sa sauka. Aka jefa kwalekwalen roba a ruwa, wani babba ya ce kowa ya yi tsalle ya kama igiya, nisan bai fi daga ƙofar gida zuwa bakin titi ba.

"Na ce masa, Robine, rigar za ta ɗago ka, toshe hanci kawai ka biyo ni. Ya ce in je yana zuwa. Da na hau robar na waiwaya, yana nan tsaye riƙe da ƙarfen da hannu biyu, yana kallon ruwan. Daga nan igiyar ruwa ta juya mu, ban sake ganin wurin ba."

Ya ƙara da cewa jirgin sama mai saukar ungulu ya ɗauke wasu daga cikin waɗanda suka rage a sama, bai san su wane ne ba, bai kuma san inda aka kai su ba. Ya tambaye ni, cikin mamaki na gaske, me ya tsayar da mutumin da ya fi kowa sanin aikin.

Na saurari muryar sau biyar. Ban san ko tsoro ne ya riƙe shi ba, irin na wanda jikinsa bai taɓa sanin ruwa zai iya ɗaukarsa ba, ko kuwa hannunsa ne ya tuna kan Iya. Ko wanne ne, rana ɗaya a kwamin nan da kalma ɗaya daga bakin Iya sun isa su kawar da shi, kuma sau biyu ya nemi yin haka, sau biyu ina tare hanya.

Na gaya wa Mamata da Hafsatu komai a ranar. Mamata ta rufe fuska da gyale. Hafsatu ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta tashi ta kwashe yaranta ta shiga ɗaki ta saki labule. Mamata ta ce kada wanda ya gaya wa Iya sai an tabbatar. Na ce da wannan maganar muka kawo kanmu nan. Ranar Alhamis da sassafe na je tasha na shiga motar Droum.

Lokacin kaka ne, damman gero a jere a bakin hanya. Na sami Iya a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa a faifai. Da ta gan ni ta fara abin da ta saba, wai ga ƴar boko ta zo da takalmi mai tsini ta huda mata tsakar gida, wai digirin nawa ne ya kasa saya mini ko ɗan tsire in riƙo mata. Na durƙusa na gaishe ta kawai. Ta dube ni da kyau, ta ture faifan gefe kaɗan, ta ce in zauna.

Na fara daga otal ɗin da ba otal ba ne. Na faɗi horon, da kwamin, da kiran da ya yi mini, da abin da na ce masa. Na faɗi bara. Na kunna mata muryar Inusa. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Hannunta ya koma cikin gyaɗar yana ɓarewa shi kaɗai, tana zuba ɓawon cikin ƙwayar ba ta lura ba. Da na gama ta tambaye ni girman ruwan. Na ce idan kana tsakiyarsa ba ka ganin ƙasa ta kowane gefe. Ta tambaya ko rigar da gaske tana hana mutum nutsewa. Na ce da gaske ne, ko bai iya komai ba. Ta daɗe tana kallon danga, wadda ya gyara mata bara.

"Kwana uku ya yi a nan yana bi na da ido," ta ce. "Na san da magana a bakinsa. Na zaci aure zai ƙara yake jin kunya." Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta. "Yaro ɗan shekara shida na ɗora wa, don kada ya bi yayansa. Da ya zo da furfurarsa ya ce mini ga abin da aikinsa ke so, kina ganin zan ƙi? Ni mahaukaciya ce?"

Na ce mun ji tsoron ciwonta ne.

"Ciwona nawa ne. Maganar kuma tsakanina da shi take. Wa ya sa ki a ciki, Raudatu?"

Ba ta taɓa kiran sunana haka ba tare da wani abin tsokana a manne ba. Na sunkuyar da kai ina kuka, ita ba ta yi ba. Can sai ta ce abin nan da mutumin Gaya ya yi magana a cikinsa, ita ma za ta iya yi ya isa wurin Ƙarami? Na ce za a iya aikawa, amma salularsa a kashe take, wataƙila ma tana cikin teku. Ta ce ba wannan ta tambaye ni ba.

A gidan babu rezo, salula ba ta kamawa sai a kan tudun da ke kusa da masussuka. Ta ɗauki sandarta, muka taka a hankali, masu ɗaurin gero suna gaishe ta tana amsawa kamar kullum. A kan tudun na danna na riƙe mata kusa da baki. Ta gyara tsayuwa, ta ɗora hannunta a kanta, daidai inda ta taɓa ɗora nasa.

"Ƙarami, ni ce. Maganar da na ɗora maka na sauke ta. Na sauke, na sauke, na sauke. Duk ruwan da ke gabanka ka shiga, da yardata. In ka riga ka shiga, ba ka saɓa mini ba. In ka tsaya saboda ni, ka yafe mini. Ka zo gida."

Na saki, saƙon ya tafi. Ta ce in nuna mata. Na nuna mata alamar guda ɗaya, na ce idan ya sauka a wurinsa za ta zama biyu. Ta ce to, in sa mata ido a kai. Ta ƙi biyo ni birni, ta ce gyaɗa ba ta ɓare kanta, kuma idan ya dawo nan zai fara neman ta. Da zan shiga mota ta ƙulla mini gyaɗa a leda ta ce in kai wa yaran Hafsatu. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba, don na ga ba lokacinsa ba ne.

Dosiyena yana nan inda na ajiye shi ranar Talata. Teburin gugarsa na dā yana jingine a zaure, da tsohon dutsen gawayin a ƙarƙashi, Hafsatu ba ta taɓa yarda a sayar ba. Jiya na ga ta ɗauko dutsen ta goge masa ƙura ta mayar. Har yanzu ba ta yi mini magana ba, sai dai idan salulata ta yi ƙara takan ɗaga labule.

Ranar Juma'a na sake kiran kamfanin, na gaya wa matar gaskiyar takardar, ko da abin zai ja masa kora idan yana raye. Ta ce ta rubuta. Ta ce ma'aikata bakwai ne ba a san inda suke ba. Akwai maza biyu baƙar fata a wani asibiti a tsibirin, waɗanda jirgin sama ya ɗauko, babu takarda a jikinsu kuma ba su farfaɗo ba. Masu nutso kuma suna jiran iska ta kwanta su shiga cikin jirgin. Ta nemi hotonsa da wata alama ta jiki. Na tura hoton, na rubuta mata cewa yana da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, mai siffar bakin dutsen guga.

Yau Lahadi, kwana biyar ke nan. Asibitin bai ba da amsa ba tukuna. Saƙon Iya yana nan da alama ɗaya. Matar kamfanin ta ce za su kira mu gobe ko jibi.